Sanitaizar Oga Majeed

Abdulmajeed Sambo, wanda ofis da unguwa suka sani da Oga Majeed, jami'i ne mai mataki na tara a wata hukumar tarayya da ke Abuja, sashen ajiyar fayil. Gidansa kuwa yana Mararaba. A shekarar da tsoron Ebola ya shigo gari aka tura shi taron bita na kwana uku kan tsaftar hannu, saboda wanda ya kamata ya je yana hutu. Ya tafi mutum kamar kowa. Ya dawo da satifiket, da jaka mai tambari, da cikakken imani cewa duk abin da hannun wani ya taɓa a duniya, ajali ne kwance a kansa.

Daga ranar ya daina taɓa komai. Famfo da gwiwar hannu yake buɗewa. In an ba shi canji, a leda za a zuba masa, ya je gida ya bi takardun kuɗin da dutsen guga. A masallaci, liman na yin sallama zai cusa hannuwansa a hammata, kada wani ya miƙo masa gaisuwa. Safar hannu ta roba kuwa iri uku gare shi: ta hanya, ta ofis, da ta karɓar takarda daga sashen kuɗi, don a cewarsa su ne suka fi kowa lasar yatsa.

Da tsoro ne kaɗai da sauƙi. Matsalar ita ce bakinsa.

"Wata biyu ke nan fatar hannuna ba ta taɓa Abuja ba," haka yake faɗa wa duk wanda ya tsaya. "Ƙwayar cuta in ta hango ni, canza hanya take yi."

Leonard, mutumin Pankshin da suke ofis ɗaya, ya ɗago daga kwamfuta ya ce, "To Oga Majeed, hanci fa? Wannan iskan da kake shaƙa, ni na gama da shi yanzu yanzu."

"Ba za ka gane ba, Leonard. Ilimi ne. Kwana uku muka yi."

"Kwana uku? Ashe likita muke zaune da shi."

"Likita na jiran cuta ta shiga. Ni a bakin ƙofa nake tare ta."

Ana cikin haka Darakta, Hajiya Rukayyat, ta fitar da takarda cewa za a kafa Kwamitin Tsaftar Ofis. Babban Sakatare na ma'aikatarsu zai zo ƙaddamarwa ranar Alhamis, a nan ne za a bayyana shugaban kwamiti, kuma shugaban zai tafi kwas na mako biyu a Dubai. Lokacin kuɗin mai na shigowa, ko kwamitin share tsakar gida aka kafa sai an haɗa shi da tikitin jirgi.

Kowa ya san wadda ta cancanta: Madam Prudence, nas ɗin asibitin ma'aikata, shekara goma sha takwas tana aiki. Oga Majeed ya karanta takardar daga nesa, hannuwansa a baya, ya yi murmushi.

"Leonard, me ya fi ƙaranci a garin nan yanzu?"

"Gidan haya."

"Sanitaiza! Kwalba kamar ɗan yatsa ta koma kuɗin kaza, kuma minti biyar ta bi iska. Ni zan haɗa wadda in ka shafa da safe, tana nan har washegari. Rigar ƙarfe ce ga hannu. Ranar Alhamis za ka ga Babban Sakatare yana gaisawa da mutane kamar ba a taɓa jin wata cuta ba."

Ranar Talata da yamma matarsa Nazeefa ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ta tarar da babbar tukunyarta ta suna a tsakar gida, mijinta na tsaye a kai da muciya.

"Abban Rahma, me kake dafawa a tukunyata?"

"Dubai nake dafawa."

Ta leƙa. Sifirit ne kusan jarka guda, da ruwan lemon tsami, da turaren da ta sayo don biki, kwalba biyu.

"Turarena ne wannan?"

"Za ki samu na Dubai. Matsa, numfashinki na shiga."

Sai dai abin ya ƙi kauri. Sanitaizar kanti tana da ɗan nauyi a hannu, tasa kuwa tsululu. Ya dama sitaci ya zuba, ya kwanta a ƙasa kamar ƙullun koko. Ya jiƙa busasshiyar kuɓewa ya tace, abin ya yi yauƙi yana bin muciya har sama.

"Saura daddawa," in ji Nazeefa. "In tuƙa tuwo?"

Bai kula ta ba. Ya tace komai, ya fita ƙofar gida, inda maƙwabcinsu Bartholomew, kafinta mutumin Kafanchan, ke haɗa kujeru a rumfarsa. Idonsa ya faɗa kan wani gwangwani mai ruwa garai-garai, mai kauri kamar zuma.

"Oga Bato, wannan fa?"

"Gam ne. Sabon shigowa. In ya kama katako, sai dai katako ya karye."

"Ba ni gwangwani biyu."

"Kujera ya ɓalle a gida?"

"Magani zan haɗa."

Bartholomew ya ajiye guduma. "Oga Majeed, wannan abu ba ya wasa da fata fa. Ni kaina da tsinke nake shafa shi."

"Kai katako ka sani. Ni na yi kemistiri a sakandare. Sifirit zai kashe ƙarfin gam, gam zai riƙe sifirit kada ya gudu. Kowa na tsare da kowa. Ka gane?"

"Ban gane ba."

"Shi ya sa kake kafinta."

Gam na shiga tukunya abin ya yi kyau: garai, da kauri, da ƙamshin amare. Oga Majeed ya ɗiba da safar hannu ya duba a hasken rana, ya kusa hawaye. Nazeefa ta ce ya gwada a hannunsa mana. Ya ce fatar da ta yi wata biyu a killace ba za a buɗe ta a tsakar gidan haya ba, sai a gaban manya.

Ranar Alhamis Leonard ya biyo ta Mararaba ya ɗauke shi a motarsa. Ya daɗe yana kallon abin da ya fito daga gidan kafin ya buɗe ƙofa. Kwat, a kan kwat rigar ruwa har gwiwa, takalmin roba na masu wankin mota, safar hannu biyu-biyu, ƙyalle a hanci, jarka a rungume, laima a hammata.

"Oga Majeed, duniyar wata za mu je ko ofis?"

"Ja mota."

Awa ɗaya da rabi suka yi a cunkoson Nyanya, gilashi a rufe saboda Oga Majeed ya hana a buɗe, na'urar sanyaya motar kuma ta mutu tun bara. Kafin su isa, gumi ya taru a takalminsa har yana ƙara in ya taka.

A bakin get, mai gadi Zacharias na tsaye da 'yar bindigar auna zafin jiki. Ya ɗora a goshin Oga Majeed, abin ya yi ƙara, ya nuna ja. Zacharias ya duba, ya sake dubawa, ya ja da baya taku uku.

"Talatin da tara! Jama'a, talatin da tara!"

Layin mutum ashirin ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Wata mata ta bar takalminta ɗaya. Mai sayar da jarida ya haye katangar fulawa.

"Zacharias, ni ne! Oga Majeed ne!"

"Ko Minista ne, kar ka matso!"

Madam Prudence aka kira. Ta zo ba gaggawa, ta zagaye shi sau ɗaya, ta ce ya tuɓe rigar ruwa ya zauna ƙarƙashin bishiya. Bayan minti goma ta auna, zafi ya sauka.

"Ba Ebola ba ne," ta faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. "Dafa kansa ya yi." Sai ta sunkuya ta shinshina jarkar. "Wannan kuma mene ne? Warin shagon kafinta nake ji."

"Hassada kike ji, Madam. Sirrin sana'a ne."

A lif, don kada ya taɓa madanni, ya sa tsinin laima. Laima ta zame ta danna ƙararrawar gaggawa. Ya yi ƙoƙarin kashewa, laima ta buɗe fal a cikin lif, ta tura Leonard kusurwa, ta ture hular wani mataimakin darakta. Lif ya tsaya tsakanin hawa na biyu da na uku har aka nemo mai gyara. Sauran hawa huɗun da ƙafa suka hau, Oga Majeed na rungume da jarka, yana tangaɗi a tsakiyar matakala don kada ya jingina da bango.

Duk da haka, da ƙarfe sha ɗaya yana tsaye a gaban ɗakin taro na hawa na bakwai, mutum wajen sittin a zaune. Babban Sakatare, wani dattijo mai ƙiba cikin babbar riga fara, yana fama da mura, yana ta kurɓar shayi kofi bayan kofi. Madam Prudence ta yi bayaninta a minti huɗu: ruwa, sabulu, daƙiƙa ashirin. Aka tafa kaɗan.

Oga Majeed ya karɓi makirfo da hankici.

"Ranka ya daɗe, ranki ya daɗe Darakta, 'yan uwa ma'aikata. Sabulu na kakanninmu ne. Yau watanni muna gaisawa da gwiwar hannu kamar kaji. Yau na kawo ƙarshen abin. Wannan da kuke gani, ko a Turai babu irinsa. Ka shafa sau ɗaya, ka taɓa abin da ka ga dama, ba abin da zai raba ka da shi!"

"Da lafiyarka kake nufi?" in ji Darakta.

"Da lafiyarka, ranki ya daɗe."

Masinjoji suka zagaya da kofuna, kowa ya tara hannu. Ƙamshi ya cika ɗaki. Mata suna cewa kai, wannan ya fi na kanti. Madam Prudence kaɗai ta naɗe hannu ta ce ita ta ƙoshi.

Sai Oga Majeed ya ɗaga hannuwansa sama, ya zare safar farko, ya zare ta biyu. Hannuwan suka fito fari fat, a yamutse kamar na wanda ya kwana a ruwa. Ya kamfaci haɗinsa ninki biyu na kowa, ya mulke har wuyan hannu, ya miƙa wa Babban Sakatare dama.

"Ranka ya daɗe, gaisuwar farko a Abuja."

Babban Sakatare ya karɓi makirfo da hagu, ya ba shi dama. Mai hoto ya ce su tsaya haka, kar su motsa, filashi bai kama ba. Darakta ta ce kafin nan Malam Kure na sashen kuɗi ya yi wa taro addu'a. Malam Kure kuwa ba ya gajeriyar addu'a. Ya roƙa wa ƙasa, ya roƙa wa ma'aikata, ya roƙa wa ƙarin girma da ya maƙale tun bara. Musulmi suka ɗaga hannu, Kirista suka haɗa tafukansu suka sunkuyar da kai. Sifirit kuwa yana ta bin iska.

"Amin," in ji ɗaki, aka shafa.

Hannuwa kuwa suka ƙi sauka.

Malam Kure ne ya fara magana, muryarsa na fitowa ta tsakanin yatsu. "Jama'a, gemuna ya riƙe ni."

Ya ja, ya yi ƙara. A layin gaba mutum biyar na zaune da tafuka a kumatu kamar masu jimamin rasuwa. Leonard ya buɗe ido ya ga hannuwansa a haɗe, ya yi ƙoƙarin raba su, ya kasa.

"Yesu! Oga Majeed, na gama addu'a, hannu bai gama ba!"

Darakta ta kai hannu ta gyara gyale, gyale ya biyo hannu. Ta sa ɗayan ta cire, shi ma ya zauna. Wani ya dafa kafaɗar na kusa da shi don ya tashi, suka tashi tare. Mai hoto, da kyamara manne a tafinsa, sai ɗauka yake yi, don yatsansa ya kama madannin.

"Ku kwantar da hankali!" Oga Majeed ya ɗaga murya. "Alamar yana aiki ke nan! Kariya ce take kama jiki!"

"Malam," in ji Babban Sakatare a hankali, "sakar mini hannu."

Kowa ya ji, don makirfo na manne a hagunsa.

"Ranka ya daɗe, ai kai ka riƙe ni."

Suka ja. Suka murɗa. Oga Majeed ya sa ƙafa ya dogara da teburi, kofin shayi ya kife a babbar riga. A nan ne hancin Babban Sakatare ya fara motsi. Idonsa ya lumshe, bakinsa ya buɗe. Ya nemi hankici, babu hannun ɗauka. Oga Majeed ya ga abin da ke tafe, ya ja da baya iyakar tsawon hannu, wanda ba shi da yawa.

Atishawar ta fito ta lasifika huɗu, ta sauka a fuskarsa gaba ɗaya.

"Innalillahi! Na mutu! Madam Prudence, na kamu! Kwana nawa ya rage mini?"

"Mura ce, Oga Majeed," in ji ta, tana dariya har tana dafa kujera. "Me ka zuba a abin nan?"

"Sirrin..."

"Me ka zuba?" Darakta ta daka tsawa daga cikin gyale.

"Gam ne kaɗan, ranki ya daɗe. Gwangwani biyu."

Madam Prudence ta zaro wayarsa daga aljihun kwat, ta tambaye shi wanda ya ba shi gam ɗin, ta nemo lambar Bartholomew, ta sa a bayyane.

"Gam ɗin nan? A fata?" Muryar kafinta ta cika ɗakin. "Na gaya masa! Ku nemo tina, irin na masu fenti, a shafa a hankali. Kar kowa ya ja da ƙarfi. Oga Majeed yana wurin? Ka ce kemistiri!"

Aka tura direba kasuwa. Ana jira, sai Babban Sakatare ya sunkuyo kusa da kunnen Oga Majeed, ya manta da abin da ke hagunsa.

"Shayin nan kofi huɗu na sha. Ina ne bayan gida?"

Lasifika huɗu suka maimaita. Wani ya yi saurin cire waya daga bango, amma aikin gama ya gama. Haka suka fita hannu da hannu kamar ango da abokinsa, wayar makirfo na jan ƙasa a bayansu, ma'aikatan sauran benaye sun cika baranda suna kallo.

"Ranka ya daɗe, ban da na jama'a! Akwai na Darakta!" in ji Oga Majeed.

"A kulle yake, makullin na jakarta, hannunta na gyale. Wuce!"

An wanke tayil ɗin bayan gidan bai bushe ba. Takalmin roba ya zame, Oga Majeed ya tafi da baya, ya kai hagunsa ya cafki abin da ya samu. Dogon mariƙin ƙofa ne na ƙarfe, mai tsawon kamu biyu, wanda duk mai fitowa daga ciki yake kamawa ya ja. Ya riƙe shi da dukan tafinsa, da ninki biyu na haɗinsa.

Yadda aka yi Babban Sakatare ya biya buƙatarsa, masinja ɗaya ne ya sani, kuma an yi masa ƙarin girma a watan.

Da tina ta iso, galan ɗaya ce. Madam Prudence ta ce za a bi tsarin aikin gwamnati, daga babban mataki zuwa ƙarami. Aka fara raba Babban Sakatare da makirfo, sannan da Oga Majeed. Kafin ya shiga lif ya juyo ya ce wa Darakta, "Nas ɗin nan ita ce shugabar kwamiti. Wancan kuma, in na sake ganinsa da jarka, ke za ki amsa." Aka cire Darakta daga gyale. Aka ceto rabin gemun Malam Kure. Ana gama 'yan mataki na goma, galan ta ƙare.

"Madam, saura ni!" Oga Majeed ya kira daga ƙofar bayan gida.

"Mataki na nawa kake?"

"Tara."

"Sauran 'yan tara ma da ruwan ɗumi suke jiƙawa. Naka ya yi yawa, ba zai ji ba. Ka je wurin kafintanka."

Mai gyara ya zo da sukundireba ya kwance mariƙin daga jikin ƙofa, ya sa shi ya sa hannu a takarda da damansa mai raɗaɗi cewa zai dawo da kayan gwamnati gobe. Leonard kuwa tuni ya tafi, ya bar saƙo wurin Zacharias cewa motarsa ba ta ɗaukar likitoci. Masu tasi uku suka rage gudu, suka ga mutum da takalmin roba da ƙarfe a hannu, suka ƙara wuta.

Doguwar bas ta Mararaba ce ta tsaya masa, cike maƙil da masu tashi daga aiki. Babu wurin zama. Ya kutsa tsakiya, ya ɗaga hagunsa sama don kada mariƙin ya taɓa kowa, kada kowa ya taɓa shi.

Direba ya taka birki a shataletalen AYA. Wani mai ɗauke da buhun garin rogo ya yi tangal-tangal, ya kai hannu ya kama mariƙin.

"Malam, saki! Wannan ba na mota ba ne!"

"To na waye?"

"Na gwamnati ne!"

"Ai mu ne gwamnati," in ji mutumin, ya ƙara riƙewa.

Wani makanike da baƙin mai har gwiwar hannu ya kama ɗaya gefen. Wata mai sayar da kifi ta ce a matsa mata ita ma. Kafin gadar Nyanya hannu biyar ne a kan ƙarfen, biyu a kan tsintsiyar hannunsa, kwandasta kuma ya rataya tawul ɗinsa na gumi a ƙarshen. Oga Majeed ya rufe ido yana karanta duk addu'ar da ya haddace.

A Mararaba, wata tsohuwa da ta riƙe shi tun daga rabin hanya, tana tari tana share baki da bayan hannu, ta tsaya kafin ta sauka. Ta dube shi sama da ƙasa, ta shafa masa kumatu da tafinta.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Shekara shida ina hawa motar nan, ban taɓa samun abin riƙewa daidai tsawona ba. Gobe ƙarfe nawa kake fitowa?"